Seiko biyu, inji ɗaya: mai gilashi a baya da mai ƙarfe

Sana'ata ɗinki, shagona yana Fagge. Kowane tela yana da wata ɗabi'a da ba ya iya bari ko a gidan biki: in aka miƙo masa riga ya yaba, kafin ya ce uffan sai ya juya cikinta. Waje kowa na iya gyarawa. A ciki ake ganin inda aka ƙulle zare, inda aka yi kalmasa cikin gaggawa, inda yaron shago ya ɓata aka rufe da shafi. Shi ya sa ranar da wani abokina mai zuwa Dubai saro kaya ya ciro ɗan ƙaramin agogo daga kwali ya ɗora mini a tafin hannu, ban tsaya kallon fuskarsa ba, na kifa shi. Sai na ga ba a ɓoye komai ba. Maimakon murfin ƙarfen da na saba gani, gilashi ne, ga injin nan a fili yana ta motsi. Ko tayi ban yi sau biyu ba. A 2017 ke nan. Agogon Seiko 5 ne samfurin SNK809, baƙar fuska, maɗaurin yadi, faɗinsa milimita 37, kuma a lokacin kuɗinsa bai kai dala 100 ba.

Bayan shekara biyu na sayi na biyu, na hannu, daga wani da ya matsu da kuɗin haya: Seiko SKX007, irin na masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, ƙato, mai nauyi, bayansa ƙarfe ne rufe ruf da tambarin igiyar ruwa a tsakiya. Abin da ya sa nake ganin ina da bakin magana a gardamar wanne ya fi, agogo mai gilashi a baya ko mai ƙarfe, shi ne, agogunan nan biyu injinsu ɗaya ne, wanda kamfanin ya sa wa lamba 7S26. Duwatsu 21, wato 'yan jajayen duwatsun da ke rage gogayya a cikin inji, bugu 21,600 a awa, wato shida a kowace daƙiƙa. Ba su cin batir, motsin hannu ne abincinsu, in ka ajiye su sukan yi kamar awa 40 kafin su tsaya. Ba a yi musu wani da hannu, sai dai ka girgiza. To tunda cikin ɗaya ne, duk bambancin da na ji tsakaninsu daga gangar jiki yake, kuma murfin baya na cikin manya.

Bari in fara da abin da ake gani ta gilashin, don masu talla kan zuzuta shi har ka ɗauka wata duniya za ka leƙa. In ka kifa SNK809, abu na farko da zai tare maka ido wani rabin faifan ƙarfe ne mai lilo, an rubuta masa sunan kamfani da lambar inji. Shi ne ke juyawa duk sanda ka motsa hannu, yana ɗaure sifirin ɗin da ke tafiyar da agogon. Shi kaɗai ya rufe rabin tagar. Sai ka karkata agogon ya zame gefe kafin ka ga abin da ya cancanci kallo: wata 'yar taya siririya mai kai-komo, a tsakiyarta wata waya da ba ta kai kaurin gashi ba, a naɗe kamar gammo, tana buɗewa tana tsukewa kamar mai numfashi. Kusa da ita ɗan jan dutse yana ƙyalli. In idonka na da kyau za ka hango wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu ya rungumi wata taya mai haƙora, ɗaya na ja ɗaya na turawa. Wannan dabara ce da Seiko suka fito da ita tun 1959, ita ke sa ko ta wane gefe faifan ya juya, sifirin ya samu rabonsa. A matsayina na wanda ya yi shekaru yana kwance kan keke yana duba ƙoshiya da kwarkwaro, wannan ɗan ƙarfen ya burge ni ƙwarai. Aiki ne na mai tattali: abu kaɗan, amfani mai yawa.

Amma in don ado ne, gaskiya babu. Ƙarfe ne fari fat kamar yadda na'ura ta yanko shi, ba zane, ba goge gefe, ba launi. A wajenmu wannan shi ne ɗinkin yunifom na makaranta: layi ya miƙe, ba zai farke ba, amma ba wanda zai rataye shi a gaban shago don jawo masu wucewa. Ban ga laifin kamfanin ba, kuɗin da na biya ba na aska takwas ba ne. Abin da nake so mai karatu ya sani shi ne, sati biyu na farko nakan kwance agogon sau goma a rana in kifa in kalla. Wata na biyu, sai in wani ya tambaya. Yanzu in ban da 'yar autata da kan hau cinyata ta ce, "Baba, nuna min zuciyarsa," sai in yi wata uku ban tuna akwai taga a wurin ba. Abin da ke manne da fatarka daga asuba zuwa isha ba ka ganinsa, jinsa kake yi.

A wajen jin kuwa, garin nan namu shi ke da hukunci. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke dukan kwanon shago kuma ga dutsen guga na gawayi a gefe, gilashi yakan manne da fata. Santsinsa ya yi yawa, ba ya barin iska ta ratsa, gumi ya taru a ƙasa, in ka ɗaga agogon ka ji ya ɗan tsotse kamar kofin da aka ajiye a jiƙaƙƙen tire. Kullum da yamma sai na goge hazon gumi da gefen riga. Na ƙarfen, saboda tudu da kwarin tambarin da ke jikinsa, bai cika mannewa haka ba, amma shi kuma dauɗa ke maƙalewa a cikin zanen. Ƙurar hunturu in ta haɗu da gumi da man shafawa sai ta zama wani baƙin laka a lungunan rubutun, sai na sa tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu duk ranar Juma'a. Da sanyin asuba a watan Janairu kuwa gilashin ya fi daɗin ɗaurawa, ƙarfen kan yi sanyi kamar ka taɓa randa. Akwai kuma wanda fatarsa ba ta shiri da ƙarfe. Ƙarfen da ba ya tsatsa da ake yin agogo da shi yana da sinadarin nikel a ciki, wasu yakan sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje. Irin waɗannan gilashi na rage musu, ko da yake zoben da ke riƙe da gilashin shi ma ƙarfe ne.

Maganar ruwa ce aka fi yi mini gardama a kai, musamman a majalisar bakin shago. Mutane sun ɗauka duk agogon da ke da gilashi a baya ruwa na shigarsa. Nawa biyun in ka duba sai ka ce sun gaskata su: mai gilashin ƙarfinsa na mita 30 ne, mai ƙarfen na mita 200. Mita 30 a yaren masu agogo ba ta nufin ka shiga ruwa da shi, tana nufin fantsali da yayyafi kawai. Don haka shi nakan kwance shi kafin alwala, kuma sau biyu ina manta shi a kan dakalin masallaci, Allah ya sa ladan ya san nawa ne. Na ƙarfen kuwa sai dai in sassauta in zame shi sama don ruwa ya game hannu, in mayar. Sau biyar a rana, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai ba gilashin ne ya jawo wannan bambanci ba. SKX007 an gina shi don nutso tun daga tushe: 'yar kusar gefensa ɗaurewa take kamar noti, gangar jikinsa mai kauri, robobinsa manya. Sababbin Seiko 5 Sports da aka fito da su a 2019 gilashi ne a bayansu kuma suna ɗaukar mita 100. Omega na da na masu nutso mai mita 300, har da mai mita 600, duk da taga a baya. Abin da ke gaskiya a maganar majalisa shi ne, taga ƙarin ƙofa ce. Murfin ƙarfe zoben roba ɗaya yake buƙata, tsakaninsa da gangar jiki. Mai gilashi yana buƙatar wannan, da wani kuma tsakanin gilashin da zobensa. Roba kuwa tsufa take yi, ta bushe, balle a ƙasar da ake barin kaya cikin mota a rana. A sabon agogo ba za ka ga bambanci ba. A na shekara goma sha biyar da ba a taɓa canja wa roba ba, ni dai na fi amincewa da mai ƙofa ɗaya.

Yanzu ga labarin da ya canja mini tunani, kuma laifin nawa ne ba na kowa ba. Kusan kowane tela yana da mayen ƙarfe, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika, a manne a jikin keke yana tattara allurai da fil. Wani daren ɗinkin sallah, wajen ƙarfe biyu, maɗaurin SKX ya dame ni, na kwance na ajiye shi a kan teburin keke, daf da wannan mayen, har gari ya waye. Kwana biyu bayan nan na lura ina riga kowa zuwa masallaci. Agogon da yakan ƙara mini daƙiƙa goma sha wani abu a rana ya koma ƙara minti shida, bakwai. Na ɗauka ya lalace, na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran agogo da ke da ɗan tebur mai gilashi a bakin Kasuwar Sabon Gari, wanda ya gyara wa mahaifina tun ina yaro.

Bai buɗe ba tukuna. Ya jawo wani ɗan kamfas daga aljihun tebur, ya kusanto da agogon, allurar ta juya ta bi shi kamar akuya ta ga dusa.

"Ɗana, ina ka kwantar da shi?"

Na ce, "A kan keke, Baba."

"Kusa da maganaɗisun allura ko?" Ya yi dariya. "Duk sallah sai telolin Fagge sun kawo min irin wannan."

Na ce masa ai ni na ɗauka tunda bayansa ƙarfe ne mai kauri, ba abin da zai ratsa. Ya girgiza kai ya ce wannan ƙarfen ruwa yake tarewa, ba maganaɗisu ba. Ya ɗora agogon a kan wani ɗan akwati mai waya, ya danna maɓalli, ya janye shi a hankali zuwa sama, sau uku. Ya sake kusanto da kamfas, allura ko gezau. Sannan ya ce in ba shi mai gilashin da ke hannuna, ya kifa, ya miƙo mini madubin nan nasu na ido ɗaya, ya ce in dubi siririyar wayar. Ya ce in maganaɗisu ya kama ta, zagayenta kan manne da juna, ta zama kamar an gajarta ta, tayar ta riƙa sauri, agogo ya riƙa gudu. Ya ce da wannan ne abin ya samu, da ta taga zai gani ba sai ya nemi kamfas ba.

Daga baya na bi diddigin maganarsa na tarar haka take. Agogunan da aka yi musamman don tsare maganaɗisu a da, wani kwanso na baƙin ƙarfe mai taushi ake sa wa a ciki ya lulluɓe injin gaba da baya, shi ke karkatar da ƙarfin maganaɗisun. Haka kamfanin IWC suka yi wa matuƙan jirgin sojan saman Ingila a 1948, haka Rolex suka yi a Milgauss na 1956, wanda sunansa ma daga gauss 1,000 ɗin da yake jurewa ya samo asali, gauss kuwa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne. Irin waɗannan dole bayansu ya zama rufaffe, don ba a huda kwanson. Amma murfin ƙarfe na agogon gama-gari ba shi da wannan kwanso, kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Omega kuwa a 2013 suka bi ta wata hanya, suka ƙera sassan injin da abubuwan da maganaɗisu ba ya kamawa, agogon ya jure gauss 15,000 alhali bayansa gilashi ne. Saboda haka in kai tela ne, ko mai gyaran waya, ko mai haɗa lasifika, kada wani ya sayar maka da murfin ƙarfe da sunan rigakafi. Rigakafin shi ne ka nisanta agogon da mayen.

Inda gilashi ya ci kuɗinsa a wajena shi ne ranar ciniki. Kasuwarmu cike take da jabu, da kuma tsofaffin agoguna da aka yi wa sabuwar fuska aka cusa musu injin da Allah kaɗai ya san asalinsa. Sayen tsohon agogo mai rufaffen baya cinikin biri a sama ne, sai in mai shi ya yarda ku je wurin mai gyara a buɗe. Lokacin da na sayi SKX haka na yi, na biya kuɗin buɗewa daga aljihuna kafin in biya kuɗin agogo. Da mai taga kuwa a tsaye za ka duba: lambar da ke kan faifan ta dace da ta jikin murfi? Akwai tsatsa? Kawunan sukurori sun ci sukundireba har sun lalace? Tayar na kai-komo da ƙarfi ko da ƙyar take lilo? Gani ya kori ji. Sai dai taga ba ta nuna maka ko mai ya bushe, ba ta nuna gefen injin da ke ƙarƙashin fuska, inda tayoyin kwanan wata suke.

Wani lokacin ma tagar da kanta ce ke tona asiri. Wani ango ya zo gwajin babbar rigarsa, yana ta gyara hannu don in ga abin da ya ɗaura. Ya ce Rolex ce ta masu nutso, wani ya kawo masa daga waje a kan farashin da ya ce sa'a ce. Ɗabi'ata ta motsa, na ce ya ba ni in gani, na kifa. Gilashi, da faifai mai ruwan gwal yana walwali. Na mayar masa na ce Allah ya sanya alheri, don ba a ɓata wa ango rai ana saura kwana uku. Amma Rolex tun daga Oyster na 1926 an san su da rufaffen baya, shafaffe, ko rubutu babu a mafi yawansu. Submariner, wato nasu na masu nutso, ba ya zuwa da taga. Sai a 2023 ne suka sa gilashi a bayan Daytona na farin ƙarfen filatinam da kuma sabon samfurin da suka kira 1908, kafin nan sai wasu 'yan ƙalilan daga jerin Cellini. Masu jabu sun san ido na son kallo, shi ya sa suke buɗe abin da mai asalin ya rufe.

Shi kuwa rufaffen baya yana da abin da taga ba za ta taɓa ba ka ba, kuma a agogon mahaifina na gane haka. Seiko 5 ne shi ma, ya sayo a Makka a hajjin 1982, kwanakin mako na fitowa da Larabci da Turanci. Yanzu yana hannuna. Murfinsa ya sha gumin shekara talatin da ɗoriya har rubutun ya fara shafewa, ga wani dogon karce inda wani yaro mai gyara ya taɓa ƙoƙarin buɗe shi da bakin almakashi, abin da Baba bai yafe ba har ya bar duniya. Dattijon Sabon Gari ne ya koya mini karanta lambobin. Huɗun farko, 6309, sunan inji ne. A lambar siriyal mai guda shida kuma, ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata. Na Baba ya fara da 1 sai 9. Tunda wannan injin a 1976 aka fara yin sa kuma bai kai 1991 ba, ke nan Satumban 1981. Shekara guda ya yi tsakanin masana'anta da kantin Makka kafin ya haɗu da mai shi. A gefe guda na murfin akwai haruffa uku na sunan Baba da ya sa aka karta masa da ajami, don a zamaninsu a masallaci ɗaya sai ka samu Seiko 5 goma iri ɗaya a bakin wurin alwala. In na ɗaura shi, waɗannan haruffan ne ke taɓa fatata.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. Agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman, wanda aka yi gwanjonsa a New York a watan Oktoban 2017 a kan sama da dala miliyan 17, abin da ya bambanta shi da sauran irinsa 'yan kalmomi ne da matarsa Joanne Woodward ta sa aka zana a murfin baya, tana ce masa ya yi tuƙi a hankali, don mutum ne mai tseren mota. Akwai kuma Reverso na kamfanin Jaeger-LeCoultre, na 1931, da aka ƙirƙira saboda hafsoshin Ingila masu wasan ƙwallon dawaki a Indiya da sanda ke fasa musu gilashi: agogon kan zame ya juya, fuskar ta koma ciki, ƙarfen baya ya fito waje. Wannan filin ƙarfen daga baya ya zama wurin zana suna da tambarin gida. Na sha tunanin ko cikin 'yan folo na Katsina da Kaduna akwai mai shi. Abin lura ga mai son yin kyauta: ba kowane murfin ƙarfe ne ke da fili ba. Na SKX tambari da rubutun kamfani sun cinye shi, da ƙyar ka samu wurin haruffa uku. In da niyyar zana suna ka fito, kifa agogon ka auna filin kafin ka biya.

To yaushe taga ta cancanta? A ganina, in abin da ke ciki an yi shi don a gani. Akwai kamfanin Jamus, A. Lange & Söhne, a garin Glashütte, da ke sa mutum ya zauna da hannunsa ya zana furanni a kan ɗan ƙarfen da ke riƙe da tayar kai-komo, kowane agogo da irin hannun wanda ya zana shi. Wannan surfani ne, rufe shi zalunci ne, kamar ka yi wa riga aikin hannu na wata uku sannan ka ɗinke shafi a kansa. A hoto kawai na san su, kuɗinsu ya fi ƙarfin shagona da abin da ke ciki. Wanda na riƙe da hannuna shi ne Seagull 1963 na ƙasar Sin, wani kwastomana malamin jami'a ke da shi. Injinsa ya samo asali daga wani tsohon injin Suwizalan mai suna Venus 175 da masana'antar Tianjin ta sayi kayan ƙera shi. Da hannu ake masa wani, don haka babu faifan da zai tare ido, kuma yana da agogon awon gudu a ciki. In ka danna maɓalli kana kallo ta baya, sai ka ga ƙarafa na ture juna, wata taya ta matso ta kama wata. Na yi minti goma ina dannawa har mai shi ya yi gyaran murya. Kuɗinsa bai kai na wayar hannu mai kyau ba, amma tagarsa ta fi ta nawa abin kallo nesa ba kusa ba.

Su kansu manyan kamfanonin ba su raba gardamar ba. Omega Speedmaster, wanda Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a Yulin 1969, har yau iri biyu suke sayarwa: mai rufaffen ƙarfe kamar na asali, da mai gilashin safaya gaba da baya, wanda ya fi tsada. Safaya kuwa ba irin gilashin nawa ba ne. Nawa gilashin ma'adini ne da aka ƙara wa tauri, yana iya karcewa, ko da yake a baya ba abin da ke gogarsa sai fata, shekara bakwai ban ga ko ɗigo a jikinsa ba. Safaya a ma'aunin tauri na Mohs yana mataki na 9, lu'ulu'u ne a na 10. A murfin baya ban ga dalilin ƙara kuɗi saboda shi ba. Wani abin kuma, taga takan ɗan ƙara wa agogo kauri, abin da mai sa kaftani mai matsattsen hannu da maɓallin links zai lura da shi, ni da nake yanka hannun na sani. In kuma agogon batir ne, kada ma a fara: batir ne da ɗan faranti, ba wani motsi na kallo.

Da za a ce in ajiye ɗaya in ba da ɗaya, SKX zan riƙe, kuma ba don murfinsa kaɗai ba, don ba na kwance shi a bakin famfo. Amma ban yi nadamar SNK809 ba ko kaɗan. Wanda bai taɓa mallakar agogon da ba ya cin batir ba, ina ba shi shawara ya fara da mai taga, ya ga abin da ya saya, ya fahimci dalilin da ya sa ba a jefar da shi a kan siminti, ba a kwantar da shi kusa da lasifika. Ni ma ta wannan tagar na koyi duk abin da na rubuta a nan. Na biyu kuma ya sayi wanda zai sha wahala da shi.

Kwanakin baya na ga ana sayar da murfin gilashi na canji da ke shiga SKX daidai, masu yi wa agogo kwaskwarima ke amfani da shi. Na je na tambayi dattijon ko zai ɗaura mini in na sayo. Ya cire madubin daga idonsa ya dube ni.

"Ɗana, me kake so ka gani a ciki?"

Na ce injin mana, Baba.

Ya nuna ɗaya agogon da ke aljihun gaban rigata ya ce, "Ba ga shi nan kana da shi ba? Iri ɗaya ne sak. In marmari ya taso ka kifa wancan." Ya ce in dai ina da kuɗin ɓatarwa, in kawo ya canja wa na Baba roba, don tun zamanin Abacha rabon da a taɓa ta. Na bar masa shi a ranar, ya ce in dawo Laraba.